Ɗana, Ka Sunkuya Ka Duba Ƙarfen Gefen Motarka

Ɗana, Allah ya sanya alheri a wannan mota da ka saya. Na san ba don ado ka saye ta ba. Wanda ya bar ƙananan motoci ya zaɓi Hilux ko Land Cruiser ya san inda ya dosa: ko hawan Mambila zuwa Gembu, ko hanyoyin ƙauyukan Filato da damina ke zaizayewa har duwatsu su fito fili, ko kuwa can arewa da Agadas, cikin duwatsun Azbin. Na kuma ji daɗi da ka sa mata ƙarfen gefe, wato fayif ɗin nan masu kauri da ake ɗaurewa a jikin shasi, ƙarƙashin ƙofofi, dama da hagu, domin in mota ta zauna a kan dutse ƙarfen ya karɓi dukan, ya zame ya wuce, gindin ƙofa ya tsira. Kuɗin da ka kashe a nan bai tafi a banza ba. Amma akwai maganar da nake so ka ji tun yanzu da ƙarfen yake sabo yana sheƙi, domin wanda ya sayar maka ba lalle ne ya gaya maka ba.

An ƙera wannan ƙarfe ne don ya sha wuya. Ranar da ya yi aikinsa, ranar ce fentinsa zai kware. Dutse zai kankare shi daga ƙasa, tsakuwar da tayar gaba ke watsowa za ta yi ta ƙwanƙwasarsa tsawon tafiya, takalman masu shiga da fita su cinye na sama. Don haka ka cire rai daga neman fentin da za a shafa sau ɗaya a huta. Babu shi a Ƙofar Ruwa, babu shi a Panteka, babu shi kuma a Amurka, inda hawan duwatsu da mota ya zama wasa da sana'a. A wurare irin su Mowab ta jihar Yuta, da yawa daga masu wannan harka sukan sayi ƙarfen tsirara, su fesa masa fentin gwangwani da hannunsu. Ba rashin kuɗi ba ne. Sun san gobe dutse zai kware shi, suna son abin da za su iya gyarawa da kansu kafin magariba. Kai ma abin da za ka nema ke nan: rufin da hannunka zai iya sabuntawa, da ɗabi'ar sunkuyawa ka duba.

Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe a buɗe, da ruwa, da iska. In ka raba ƙarfe da ɗaya daga cikin biyun nan, ta tsaya. Abin da ya sa ta fi sauran lalacewa muni shi ne ba ta rufe kanta. Alminiyam in ya haɗu da iska yakan yi wata siririyar fata da ke kare abin da ke ƙasa, sai cin ya tsaya. Tsatsar ƙarfe kuwa tana shan ruwa tana riƙewa, kuma tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi ninki-ba-ninki. Shi ya sa take kumbura, ta ɗaga fenti, ta buɗe sabon wuri, ruwa ya shiga, ta ƙara gaba. In ka ga fenti ya yi ƙuraje ko ya tashi kamar bororo, aikin ya daɗe da farawa a ƙarƙashi.

Mu mutanen arewa busasshiyar iskarmu takan ruɗe mu. Gaskiya ne, masana sun nuna cewa idan danshin iska ya yi ƙasa da kusan kashi 60 cikin ɗari, tsatsa tana tafiya a hankali ƙwarai a kan ƙarfe mai tsabta, kuma da hunturu a Kano ko Damagaram danshin yakan sauka ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Motar da ta rayu a Maraɗi ba za ta ruɓe da saurin wadda ta rayu a Legas ko Fatakwal ba, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri dare da rana. Amma ka lura na ce ƙarfe mai tsabta. Ƙarfen gefenka ba mai tsabta ba ne. Daga Yuni zuwa Satumba yana cikin taɓo. Laka takan cusa kanta a saman fayif, da tsakanin ƙafafun da suka riƙe shi, da bayan farantin da ya manne da shasi. Bayanta ya bushe ka ɗauka an gama, alhali cikinta da laima har kwanaki. Wata huɗu na damina a ƙarƙashin laka sun isa su yi ɓarnar da wata takwas na rani ba za su mayar ba.

Sai gishiri, wanda shi ne babban mai rura wutar. Ruwan gishiri yana sauƙaƙa tafiyar lantarkin da tsatsa ke aiki da shi, kuma gishiri yana jawo danshi daga iska ko da babu ruwan sama. A jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo, da kuma Kanada, ana watsa miliyoyin tan na gishiri a kan tituna kowane lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Kada ka ce wannan matsalarsu ce. A shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhu a wata ƙara a Amurka, wanda aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4, a kan tsatsar shasin motoci kusan miliyan ɗaya da rabi: Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010, Tundra ta 2007 da 2008, da Sequoia ta 2005 zuwa 2008. Ire-iren waɗannan motoci da suka sha gishirin can su ne ake lodowa a jirgin ruwa, a sauke a Legas ko Kwatano, a wanke, a fesa baƙin fenti a ƙasa, a kawo mana kasuwa. In taka ’yar Kwatano ce, ka tabbatar da lafiyar shasin kafin ka yarda a rataya masa wani sabon ƙarfe. Mu ma muna da namu gishirin. Mai bin hanyar Bilma da Fachi ya san shi, mai ɗauko kanwa ya san shi. Takin zamani da ke zubewa daga buhu a bayan mota yana cin ƙarfe ƙwarai, haka fitsarin dabbobi da kashinsu in kana dakon shanu ko kana shiga kara.

Yanzu ka saurara da kyau, don nan ne zuciyar maganata. Tsatsa iri biyu ce a wannan ƙarfe. Akwai ja-ja ɗin nan da ke fitowa a inda dutse ya kankare. Ita ce ke ɓata wa matasa rai don tana ɓata kyan mota, amma ita ce mafi sauƙi. Fayif mai kyau kaurin bangonsa yakan kai milimita 3 ko fiye, kuma tsatsar sama, a wurin da iska ke bugawa yana bushewa, za ta daɗe ba ta yi masa illa ba. Wadda nake jin tsoro ita ce ta cikin fayif, da ta bakin walda, da ta tsakanin faranti da shasi. Aikinta irin na gara ne a cikin azara: waje lafiya lau, ciki ya zama gari, ba za ka sani ba sai ranar da nauyi ya hau. Kuma nauyin da zai hau wannan ƙarfe ba ƙarami ba ne. Motarka da kaya ta haura tan biyu, wani lokaci ta doshi uku. Ranar da ka maƙale a rafi, a ƙarƙashin wannan ƙarfen za ka kafa dogon jak ka ɗaga gefe guda, yaronka ya durƙusa yana tura duwatsu ƙarƙashin taya, hannunsa a ciki. In ƙarfen ya ruɓe daga ciki, a lokacin zai faɗa maka. Ba kyan mota nake yi wa wannan dogon bayani ba, ɗana. Hannun yaron nan nake tunani, da naka.

Saboda haka ka koyi dubawa. A wanke ƙasan motar tas, a bari ta bushe, ka shimfiɗa buhu ka kwanta da tocila da ƙaramar guduma da sukundireba. Ka bi fayif ɗin kana ƙwanƙwasawa daga gaba zuwa baya. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya ruɓe sautinsa a dushe yake, wani lokaci ma ka ji ɓarɓashi yana zuba a ciki. Duk inda fenti ya kumbura ka soka sukundireba da ƙarfi, kada ka ji tausayinsa, domin abin da sukundireba zai iya hudawa ba zai ɗauki mota ba. Ka haska bakin kowace walda ka nemi siririn jan layi, wanda sau da yawa alamar tsagewa ce. Ka duba gefen farantin da ke jikin shasi: in ka ga jan ruwa ya zubo ya bushe daga bayansa, ko farantin ya ɗan ɗago, akwai magana a can. Kada ka wakilta wannan dubawa ga yaron gareji kai kana zaune a benci. Ka gani da idonka.

In abin da ka samu na sama ne, maganinsa ba wuya, sai dai yana son haƙuri, kuma mafi yawan aikin a shiri yake, ba a fenti ba. In ƙarfen na ɗaurin noti ne, a kwance shi a sauke ƙasa, don ba za ka taɓa isa samansa da bayansa da kyau ba yana jikin mota. A fara wanke shi da omo da ruwa a cire maiƙo da laka. Mutane sukan tsallake wannan su hau gogewa, sai su tura maiƙon cikin ƙarfe, fenti ya ƙi kamawa. Bayan ya bushe a sa burushin waya a kakkaɓe duk abin da ke ɓarewa, sannan a bi da injin goge ƙarfe ko samfefa mai kaushi, lamba 60 ko 80, har farin ƙarfe ya bayyana. Kada a tsaya daidai iyakar jan wurin. A ci gaba cikin fentin da ke kewaye har a kai inda ya manne gam kuma ƙarfen ƙarƙashinsa fari ne, don tsatsa takan rarrafa ƙarƙashin fenti fiye da inda ido ya nuna. A kuma lallashe bakin tsohon fentin da samfefa ya kwanta, kada a bar masa gaɓa mai kaifi da ruwa zai maƙale.

Burushin waya shi kaɗai yakan yaudari mutum. Yana goge tsatsa ta yi baƙi tana ƙyalli, ka ɗauka ƙarfe ne, alhali ita ce aka yi wa kwalliya. Ka karce da samfefa: in jan gari ya fito, ba a gama ba.

Akwai ƙananan ramuka da lungunan walda da samfefa ba ta kaiwa. Nan ne amfanin maganin kashe tsatsa da ake sayarwa a shagunan fenti. Yawancinsu an haɗa su ne da asid ɗin fosforik, ko da tanin, sinadarin nan da majema ke samu a bagaruwa, ko da duka biyun. Suna haɗuwa da sauran tsatsar su mayar da ita wani baƙin abu mai tauri da ba ya ci gaba da cin ƙarfe. Ka shafa siriri, ka ba shi lokacin da aka rubuta a jikin robar, sau da yawa kwana guda, ka kuma karanta ko irin wanda ake ɗaurayewa ne ko wanda ake bari. Amma ka sani ba ya ratsa tsatsa mai kauri. In ka shafa a kan ɓawo, saman ne zai yi baƙi, ƙasan yana nan da ransa. Kuma shi ba fenti ba ne, dole a rufe shi.

Wani zai ce maka a zuba ruwan batir, nan take tsatsa za ta narke. Kada ka yarda. Zai narkar da ita, ya ci ƙarfen tare, ya shige lungu inda ba za ka iya wanke shi ba, ya ci gaba da aiki bayan ka rufe da fenti. Ga haɗarin ido da fata.

Da zarar ƙarfe ya yi fari, kada ya kwana tsirara, musamman in akwai laima a gari. Ka goge shi da tina a tsumma mai tsabta, ya bushe, ka sa fentin share fage a ranar. Mafi inganci a nan shi ne na ifoksi mai gwangwani biyu da ake haɗawa, domin yana kama ƙarfe sosai kuma ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. In ba ka samu ba, akwai mai sinadarin zinki, wanda sharaɗinsa shi ne ya taɓa farin ƙarfe kai tsaye, don haka ba a sa shi a kan wurin da aka shafa maganin kashe tsatsa ko tsohon fenti. In shi ma babu, jan fentin nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogi zai yi, amma da sharaɗi: shi kaɗai ba ya tare ruwa na dogon lokaci. Wanda ya shafa shi ya fita da mota da niyyar zai dawo a sa na sama wata rana, ya yi rabin aiki, kuma damina ɗaya za ta cinye rabin.

Na sama kuwa, shawarata baƙin fentin mai na ƙarfe, wanda ake samu ko’ina, a gwangwanin fesawa ko na burushi. Shafi biyu ko uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, wanda samansa zai bushe cikinsa na ɗanye. Ka riƙe sunan fentin, ka ajiye gwangwani ɗaya a gida. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki a ƙasarmu shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta sauko ta manne a ɗanyen fenti. Ka bari raɓar safe ta bushe, ka yi a inuwa. Ƙarfen da ya sha ranar azahar yana busar da fenti kafin ya kwanta. Sannan ka ba shi kwanaki ya yi tauri kafin ka shiga daji. Bushewar da yatsa ke ji daban, taurin da zai jure tsakuwa daban.

Za a kwaɗaita maka fentin gari, wanda ake fesawa a gasa a tanda mai zafin kusan digiri 200. Yana da kyau, yana da tauri, kuma ga mai yawo a cikin gari ba ni da ja. Amma ga mai hawan dutse ina da shakka a kansa. In ya tsage, ruwa yakan shiga ƙarƙashi, tsatsa ta yi ta yaɗuwa a ɓoye, fatar tana nan a sama kamar lafiya, sai wata rana ta ɓare falle-falle. Kuma ba za ka iya gasa gyara a tsakar gidanka ba. In naka ya zo da shi, ba laifi, sai dai duk inda ya kware ka goge ka cike da fentin gwangwani ba tare da jinkiri ba. Abin da nake hana ka da babbar murya shi ne baƙin kwalta mai kauri ko fentin roba da ake fesa wa ƙasan mota a kan tsatsa. Wannan ba magani ba ne, rufa-rufa ce. Yana tsagewa in ya tsufa, ya kama ruwa ya riƙe a jikin ƙarfe, ya kuma hana idonka ganin abin da ke faruwa.

In kana da hali kuma kana kusa da masana’antar da ke yi, tsoma ƙarfe cikin narkakken zinki mai zafin kusan digiri 450 ya fi duk abin da na lissafa. Irin rufin da ke kan kwanon rufi da turakun lantarki ne. Yana shiga ciki da waje, kuma ko an karce shi, zinkin da ke kewaye yana ba da kansa a ci kafin a taɓa ƙarfen. Sai dai dole a huda fayif ɗin kafin tsomawa, in ba haka ba iskar da ke kulle a ciki tana iya fasa shi, kuma duk mai waldar da zai taɓa shi daga baya ya fara goge zinkin, ya yi aiki a fili, don farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Mu koma cikin fayif, inda burushi ba ya shiga. Hanya biyu ce kawai mai kyau: ko a toshe shi ruf da walda ta yadda ko iska ba ta shiga, ko a buɗe masa mafita ta yadda duk ruwan da ya shiga zai fita. Mafi muni shi ne tsaka-tsaki, wato fayif mai ɗan ƙaramin rami a bakin walda ko murfin roba da ya saki. Ka ratsa rafi, ƙarfe mai ɗumi ya haɗu da ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙi ruwa ta wannan ɗan rami, ruwan kuma ya zauna wata da watanni. Tunda ba kasafai waldar bakin titi ke toshewa ruf ba, ni na fi natsuwa da mafita. A huda rami na milimita 6 zuwa 8 a can ƙasa, kusa da kowane ƙarshe, a fayif ɗin, ba a shasi ba. Ta nan za ka fesa man kare tsatsa da siririn tiyo har ya jiƙe bangon ciki. Akwai na kaki irin Waxoyl, akwai na maiƙon gashin tumaki irin Fluid Film. In ba ka same su ba, sabon man giya da aka ɗan ɗumama a rana zai yi. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwan farko. Bayan kowace tafiyar taɓo kuma ka zura waya ka buɗe ramukan, don laka na toshe su.

Na san abin da ake yi a gareji: baƙin mai da aka juye daga inji, a fesa wa ƙasan mota gaba ɗaya. Ba zan ce maka ba ya korar ruwa ba, yana yi. Amma yana kumbura robobin ƙafar mota ya lalata su, yana kama yashi ya zama dagwalo, yana ɗiga a ƙasa ya bi ruwa zuwa rijiyoyin mutane, kuma yawan taɓa shi da fata yana da haɗarin ciwon daji. In ya kai ga birki kuwa, ka sayi wata fitinar. A ƙasa mai ƙura irin tamu, ƙa’idar da zan ba ka ita ce mai a ciki, fenti a waje. Kuma duk ranar da za a yi walda a fayif ɗin da ka taɓa zuba wa mai, ka faɗa wa mai waldar kafin ya kunna inji, don man yana kamawa da wuta.

Sai mahaɗa, inda faranti ya rungumi shasi. Wuri ne matsattse da ruwa ke shiga ya kasa fita, kuma tsatsar da ta fara a nan ba ƙarfen gefe kaɗai take ci ba, ƙashin bayan motar take ci. Ƙarfen gefe ana sake shi da kuɗi kaɗan, shasi kuwa in ya tafi mota ta tafi. Kafin a ɗaura, a yi wa fuskokin biyu fenti, ya bushe, a shafa giris ko man kare tsatsa a tsakani. Duk ramin da aka huda a shafa wa bakinsa fenti kafin a zura noti. Ka duba kan notin ka ga lamba 8.8 ko 10.9, kada ka karɓi marar lamba. Kada kuma ƙyallin notin silba marar tsatsa ya ja ka: na kasuwa yawanci bai kai waɗancan ƙarfin ɗaukar nauyi ba, kuma haɗuwarsa da baƙin ƙarfe cikin laima tana sa baƙin ƙarfen da ke kewaye ya fi saurin ciwuwa. Haka in an shimfiɗa farantin alminiyam a sama don takawa, a raba su da fenti ko siririyar roba. Bayan tafiya ta farko mai wuya ka sake bin notin da sifana. Duk shekara ɗaya ko biyu a sauke ƙarfen gaba ɗaya a ga bayan farantin.

In kuwa naka na walda ne kai tsaye a jikin shasi, ka zaɓi mai walda da ya san mota, ba mai ƙera gadaje kaɗai ba. A cire kan batir. A kare tiyon mai da fayif ɗin birki da wayoyi, waɗanda sukan bi ta jikin shasin. In ya gama, ya kakkaɓe kashin walda tas, ya goge tartsatsin da ya manne, domin fentin da aka shafa a kan kashin walda tare za su faɗi. Ga abin da kusan kowa ke mantawa: zafin walda yana ƙone rufin da ke cikin shasi, a bayan wurin da aka yi aikin, inda babu mai gani. Bayan ya huce a fesa man kare tsatsa ta ramukan da shasin ya zo da su. Sabon ƙarfe kuma yakan zo da wata baƙar fata daga masana’anta, wadda take kama da kariya amma tana ɓarewa daga baya ta tafi da fenti. A goge ta kafin a shafa komai.

Wanki shi ne mafi arha a duk abin da na faɗa, kuma shi aka fi sakaci da shi. Yaran wankin mota jiki da gilashi suke wankewa, don nan mai mota ke kallo. Ka tsaya a kansu, ka ƙara musu ɗan wani abu, su sa tiyo a saman fayif da bayan faranti da cikin shasi har ruwan da ke fitowa ya zama fari. In ka dawo daga ƙasar gishiri ko dakon taki, kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu. Bayan wanki ka ɗan zaga da motar ta bushe kafin ka kulle ta a gareji, kuma kada ka mayar da kan ciyawa ko damshin ƙasa wurin kwananta. Duk sabon karce da ka gani, samfefa kaɗan, tina, fesa biyu. Aikin minti goma ne in an yi shi a makon da ya faru.

Ka kula da jikinka wajen wannan aiki. Burushin waya da ke kan inji yana harbo wayoyi kamar allura, kuma ido ba shi da sifiya. Ka sa gilashin kariya, ka sa wa yaron da ke taya ka. Ka rufe hanci da takunkumi mai kyau lokacin gogewa, don wasu tsofaffin fenti suna da dalma, kuma kada ka fesa fenti a rufaffen ɗaki. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Wata rana za ka so sayar da motar nan. A ranar wani zai ba ka shawara a cike ramukan da hodar bodi, a fesa baƙi, ta fito kamar sabuwa. Ɗana, kada ka yi. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, ka sani tun kana makarantar allo, kuma wannan aibin ba irin na yagaggen kujera ba ne. Wanda ya saya zai kafa jak a wurin yana mai amincewa da abin da idonsa ya gani. Ka nuna masa inda ka gyara da inda ya rage, ka rage kuɗin in ya kama.

In dubawarka ta nuna sukundireba ya shige, ko ramukan sun ci abin da ya kai sulusin kaurin bangon, ko walda ta tsage a gindin ƙafa, to an wuce maganar fenti. A ganina, in wuri ɗaya ne ƙarami, a yanke har inda ƙarfe yake da cikakken kauri, a sa sabo mai kauri iri ɗaya. In ya kai wuri biyu ko uku a fayif guda, a cire shi a ƙera wani, don abin da ya huda nan yana dab da huda can. In kuma a jikin shasi ka sami ramin, ka sauke ƙarfen gefen, ka daina yi wa motar lodi, kada ka shiga daji da ita, ka kai ta wurin wanda ya ƙware a gyaran shasi ya bi ta daga gaba har baya, ya duba fayif ɗin birki da maɗaurin sifirin da na tankin mai tun tana kan rami.